Wata Baiwar Allah Ba Ta Da Mai Rakiya

Likitan ido bai iya lallashi ba, ranar nan kuwa ko gwadawa bai yi ba. Ya kashe 'yar fitilar da yake haska mata, ya ja kujerarsa baya, ya ce, "Mama, sau biyu ina sa miki rana, sau biyu ba ki zo ba. Me ya hana ki?"

"Na farko rasuwa aka yi a cocinmu, likita. Na biyu kuma wata yarinya ce ta haihu, uwarta ba ta gari."

"To, madalla. Idon dama ya riga ya tafi, wannan kin sani. Hawan jinin ido ba ya jira a tashi daga zaman makoki. Na hagun nan shi ya rage miki, shi ma ya kama hanya. Ranar Alhamis za mu yi aikin, in kika sake ƙin zuwa kar ki ce ban faɗa miki ba." Ya miƙa mata katinta. "Kuma ki zo da mutum. Za mu rufe idon da bandeji, ɗayan ba ya gani, kin ga a duhu za ki koma gida ke nan. Sai da wanda zai kai ki, ya kwana biyu tare da ke yana ɗiga miki magani. Ba mai rakiya, ba aiki. Kin ji ni?"

"Ba komai, likita," in ji ta.

Da ma abin da za ta ce ke nan. Maganar ta zauna mata a baki har yaran coci suka laƙaba mata Mama Ba-komai, manya suka karɓa, sunanta na baftisma ya bi ruwa. A ce ta riƙe yaro mai zazzaɓi uwarsa ta je aiki, ba komai. A ce ta wanke tukwanen biki ita kaɗai don matasa sun sulale, ba komai. Asibitin nan ma ta san shi kamar yunwar cikinta. Ta san bencin da ƙafarsa ke rawa, ta san tagar da ake yankar kati da wadda ake karɓar magani, ta san nas ɗin da ba a yi wa magana kafin ta sha shayi. Rabin tsofaffin coci a hannunta suka taka barandar nan. Amma fa wanzami ba ya son jarfa. Yau da aka ce ita za a raka, sai ta ji kamar an ce ta fita titi ba ɗankwali.

A motar haya ta fara duba mutane a ranta. Matar dattijon coci? Mijinta na kwance da shanyewar ɓarin jiki, ita da kanta take zuwa ta taya ta juya shi. Shugabar mawaƙa? Ga aikin banki, ga 'yan biyu. Mai jegon nan kuwa ɗinkinta ma bai warke ba. Duk wadda ta ɗauko sai ta ajiye, domin ba wanda ya san nauyin kayan kowa kamarta, ita ke tallafa musu. Har motar ta tsaya a bakin layinsu ba ta samu ko mutum ɗaya da za ta iya duban idonsa ta ce ya bar nasa ya zo ya yi nata ba.

Shagonta na gyaran tufafi a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, faɗinsa bai wuce keken ɗinki da kujera da ƙusar rataye kaya ba. Ta daɗe da daina ganin kafar allura, da lalube take zura zare, da ɗan yawu da haƙuri. Shayi ma in za ta zuba wa baƙi a coci sai ta ɗora yatsa a bakin kofi, zafi ya gaya mata ya cika. Ba wanda ya lura. Idon da ya mutu fes yake a fuska, ko ja bai yi ba, mutane kuma kofin suke kallo, ba mai miƙo shi ba.

Da yamma ta kira ɗanta, shi kaɗai Allah ya bar mata tun rasuwar mijinta. Yana can wani gari mai nisa. Ya ɗaga yana haki.

"Mama, kamar kin san ina neman ki! Surukarki ce, hawan jini ya taso mata, ga cikin ya tsufa, sun ce sai ta kwanta. Ki sa mu a addu'a don Allah, kin san taki ba ta faɗuwa ƙasa. Ke lafiya dai ko?"

"Lafiya lau. Ka gaishe ta."

"Kin ji muryarki wani iri."

"Mura ce ke son kama ni."

Ta ajiye wayar a kan tebur, ta zauna a bakin gado da takalminta a ƙafa. Firij na gurnani, agogon bango na tafiya, maƙwabta na dariya a bayan katanga. Kaɗaici ya rufe ta har ta ji shi a ƙirji.

Ki sa mu a addu'a. Kowa haka yake ce mata, ita kuma tana sa su, Allah ya gani. Sai dai addu'ar tata ta koma kamar kiran suna a aji: wane, wance, mijin wance, jarrabawar wane, a kan hanya, a kan keken ɗinki, a bakin famfo. In ta durƙusa kuwa barci ke kwashe ta kafin ta kai rabi, ta farka da shatin zanen gado a goshi. Rabon da ta zauna a gaban Ubangiji ba tare da saƙon wani a hannu ba, ita kanta ba za ta iya tunawa ba.

Ranar Asabar suna share coci ita da matar Fasto. Ta girmi matar Fasto nesa ba kusa ba, amma Mama take ce mata kamar kowa, ita kuma matar Fasto ta ce mata Yaya. Matar Fasto mace ce mai kirki da sauri, tana magana tana aiki tana amsa waya lokaci guda. Mama Ba-komai ta yi ta goge benci ɗaya har ya fara ƙara, sannan ta yi ta maza.

"Mama, akwai wata baiwar Allah..."

Haka ake yi a cocin nan. In abu na kunya ne ko na rashi, ba a kama suna, sai a ce wata baiwar Allah, kowa ya yi addu'a ya kama bakinsa. Al'ada ce mai kyau, ta rufa asirin mutane da yawa. Ita dai so take ta fara daga nesa, ta matso a hankali, in ta ga fuska ta ce ai ni ce.

"Za a yi mata aikin ido ranar Alhamis. Sun ce sai da mai rakiya, da wanda zai kwana biyu da ita. Ba ta da kowa a garin nan."

"Allah sarki!" Matar Fasto ta dafe ƙirji da tsintsiya a hannu. "Kai, duniya! Mutum ya rasa mai raka shi asibiti? To ai Allah ya riga ya yi mata gata tunda ta faɗo hannunki, Yaya. Wa ya fi ki sanin asibitin nan? Ke za ki je mana. Ko akwai abin da zai hana ki?"

Ga ƙofa a buɗe, kalma biyu ce ta rage. Amma matar Fasto ta riga ta sunkuya tana kwashe shara, wayarta kuma ta fara kuka a aljihu. Mama Ba-komai ta ji bakinta ya faɗi abin da ya saba faɗi.

Washegari bayan wa'azi Fasto ya yi sanarwa. Ya ce akwai wata baiwar Allah da za a yi wa aikin ido, ba ta da kowa, amma godiya ga Ubangiji, uwarmu da ba ta gajiya ta ɗauki nauyin rakiya. Coci ya ɗauki tafi. Wani daga baya ya ce, "Sai Mama!" aka yi dariya. Sannan Fasto ya ce a miƙe a yi wa marar lafiyar addu'a.

Tana tsaye a ƙofar kicin lokacin, da jaririn wata mata a kafaɗa, don nan ne wurinta duk Lahadi, rabin wa'azi take ji rabi kuma tafasar ruwa. Ta ji jama'a duka sun ɗaga murya. Fasto na cewa, "Ya Uba, ka san sunanta ko mu ba mu sani ba. Ka san tsoron da ke ranta. Ka riƙe hannun likita, ka bar mata haskenta, kar ka bar ta ita kaɗai." Matar dattijo na cewa amin da ƙarfi, shugabar mawaƙa har da ɗaga hannu. Shekara da shekaru tana cikin cocin nan, ba a taɓa yi mata addu'a irin wannan ba, yau an yi, ba wanda ya san ita ce. Hawaye ya zubo mata ya jiƙa rigar jaririn.

"Dubi Mama," in ji wata yarinya tana taɓa ƙawarta. "Zuciyarta kamar auduga."

Da aka tashi suka yi mata caa. Wannan ta kawo lemo, waccan ta ce za ta aiko da bargo, matar dattijo ta ba da fulas ɗinta mai kyau ta ce a kula da murfin. Kowa na cewa, "Ki gaishe ta, ki ce muna tare da ita." Ta karɓa, ta yi godiya a madadin marar lafiya. Wallahi mutanen nan ba mugaye ba ne, rashin sani ne, shi kuwa ya fi dare duhu. Amma mutum ya yi ta shan ruwa a rijiya bai taɓa leƙawa ya ga ko ta kusa ƙafewa ba, wannan ma ai da saura.

Ranar Laraba ba ta buɗe shago ba. Ta yanke shawarar za ta ce wa nas mai rakiyarta na waje, in an gama ta lallaɓa ta nemi mota. Don haka ta ɗaure fuskarta da ɗankwali a tsakar ɗaki, ta fara koyon makanta. Daga ƙofa zuwa gado ta iya. Daga gado zuwa banɗaki ta buga gwiwa a tebur. Ta laluba kwalbar maganin ido ta gwada ɗigawa, ya bi kumatu ya shiga kunne. A kicin hannunta ya ture kofi, ta ji ya tarwatse a ƙasa, ta tsaya cak ba takalmi, ba ta san inda za ta sa ƙafa ba. Ta daɗe a tsaye a haka. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba tun ranar da aka rufe mijinta. Ta fizge ɗankwalin ta share gilasan da ɗan ganin da ya rage mata.

Da sassafen Alhamis ta isa asibiti da jaka cike da lemo da bargo da fulas. Nas ɗin da ke karɓar kati ta santa sarai.

"A'a, Mama, yau kuma wa kika kawo mana?" Ta duba katin, ta ɗago, ta sake dubawa. "Au, ke ce da kanki? To ina mai rakiya?"

"Tana zuwa."

"Ta zo in gan ta da idona, ta sa hannu. Na san halinki. In tsakar rana ta yi ba ta zo ba, wani zan ba gurbin, kin san layin da ke bayanki."

Ta zauna a benci. Kowa da nasa: tsoho da 'yarsa tana gyara masa hula, wata mata da mijinta yana ta mita a kan kuɗin mota amma hannunsa na kan kafaɗarta. Aka fara kiran suna. Ta nuna wa 'yar tsohon inda banɗaki yake, ta ba wani yaro lemo, ta tashi ta ba wata kujera. Daga nan aikin ya ƙare, ba sauran wanda ke bukatar komai a wurinta. Benci ya yi ta raguwa, hannuwanta na kan cinya ba abin yi, ta rasa inda za ta sa su.

Sai ta rufe ido ta ce bari ta yi addu'a. Sunaye suka taso kamar kullum, surukarta, mijin matar dattijo, mai jego. Ta bi su har suka ƙare, ta yi shiru. A nan take cewa amin ta miƙe, yau kuwa ba inda za ta. Ta ji kamar wanda ya kawo saƙo gidan babban mutum, ya gama isarwa, aka ce masa to kai fa?

"Ubangiji," ta ce a hankali, "ni ce. Ban zo da na kowa ba. Tsoro nake ji. Na gaji. Ba na so in makance. Kuma na yi wa nas ƙarya, ba mai zuwa."

Iyakar abin da ta iya ke nan. Ba ta ji wata murya ba, ba ta ga wani haske ba, fanka dai na juyawa a sama. Amma ta zauna a wurin ba ta yi barci ba, ba ta yi sauri ba, ta bar hawayen ya yi abin da zai yi.

Wayarta ta yi ƙara a jaka, ƙarƙashin lemo. Matar Fasto ce.

"Yaya, sannu da ƙoƙari! Ya mai jiki? An shiga da ita?"

"Ba a shiga ba tukuna."

"Yawwa, na yi sa'a. Tun safe take raina wallahi. Ba ta wayar in yi mata addu'a kafin su kira ta."

Mama Ba-komai ta dubi damanta, ba kowa sai jaka. Ta dubi hagunta, bango. Ta sauke wayar daga kunne ta riƙe ta a cinya, tana jin muryar matar Fasto ƙarama tana cewa, "Halo? Halo, baiwar Allah?" Ta mayar da ita ɗaya kunnen.

"Ina ji, Mama."

"A'a, Yaya, ita nake so ki ba."

"Ita ce ke magana."

Can ta ji ƙarar wani abu ya faɗi, kamar murfin tukunya.

"Yaya..." Muryar ta karye. "Haba, Yaya. Haba! Kika bar ni ina ta zuba ranar Asabar? Kika bar mu muna tafi? Wayyo Allah na. Kar ki motsa daga nan. Ba nas ɗin wayar!"

Abin da suka ce wa juna ita da nas ba ta ji ba, ta dai ga nas ta harare ta, ta ja tsaki, ta zare katinta daga sama ta mayar ƙarshen layi. Mama Ba-komai ta zauna tana kallon ƙofa da idonta ɗaya, duk inuwar da ta shigo sai gabanta ya faɗi. Bencin ya rage ita kaɗai lokacin da matar Fasto ta faɗo barandar da silifas ɗin wanka, ɗankwali a karkace, tana haki. Mama Ba-komai ta yunƙura za ta tashi ta ba ta wuri.

"In kika tashi sai mun ɓata," in ji matar Fasto, ta danna kafaɗarta. Ta sa hannu a takarda, ta dawo ta zauna, ta kama hannunta ta riƙe gam. Addu'ar da ta yi alkawari ba ta fito ba, kuka ya hana.

Aikin bai daɗe ba. Likita ya ce an yi a kan gaɓa, abin da ya rage na ganin zai tsaya in an kiyaye magani. Aka fito da ita da bandeji, duniya ta yi baƙi ƙirin. Barandar da ta bi da mutane ba adadi, yau ita ake cewa, "A hankali, ga matakala, ɗaga ƙafa." Ta ji iska ta taɓa fuskarta, ta ji an buɗe ƙofar mota, an dafa kanta kar ta buge, an ɗora mata jakar lemo a cinya. Matar Fasto ta shigo gefenta tana ta lissafin wadda za ta kwana yau da wadda za ta karɓe ta gobe, ta ce shago kuwa ko sunansa kar ta ji.

Direba ya tada mota ya ce, "Ina muka nufa?"

"Gidanta za ka kai mu," in ji matar Fasto. "Can wajen... unguwar..."

Ta tsaya. Injin na ta aiki, direba na jira. Mama Ba-komai ta ji hannun da ke riƙe da nata ya yi sanyi. Ba gidan ɗan coci ɗaya da Mama Ba-komai ba ta san launin ƙofarsa ba, har da inda suke ɓoye makulli.

"Yaya," matar Fasto ta ce, da ƙyar ake jin ta, "a ina kike zaune?"

Mama Ba-komai ta juya fuskarta mai bandeji wajen direba.

"Miƙe, ɗana," ta ce. "In ka wuce gidan mai na biyu ka yi hagu. Zan gaya maka in mun zo, na san ramukan hanyar."